Yadda Ake Tafiyar da Rabon Maganin Tsutsar Ciki a Lakwal Shekara Bayan Shekara

Duk malamin da ya yi ƴan shekaru yana koyarwa a jihar Tahoua ya san ranar da ake kawo kwalayen magani daga CSI, wato cibiyar lafiya ta yanki, a jera yara a inuwar dogon yaro, kowa ya haɗiye ƙwayarsa, a rubuta adadi a takarda a mayar wa majo, wato shugaban CSI. Aikin yini guda ne, amma amfaninsa ba ya tabbata sai an maimaita shi shekara biyar ko shida a jere, kuma an yi shi da kyau a kowane karo. Wannan bayani na darektocin lakwal ne da malamai da ƴan kwamitin kula da lakwal (COGES) da iyaye mata na ƙungiyar AME, domin su ne ke riƙe da aikin bayan ma'aikatan lafiya sun ajiye kwalaye sun koma bakin aikinsu.

Kafin a taɓa kwali, ya kamata mai rabo ya san abin da maganin ke kashewa, saboda iyaye za su yi tambaya, kuma amsar da ba ta gamsar ba ita ce mafarin jita-jita. Tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa iri uku ne manya. Akwai macijin ciki, wanda macensa kan kai tsawon santimita 35, tana kuma zuba ƙwai kusan 200,000 a yini ɗaya. Akwai tsutsa mai ƙugiya, ƴar ƙarama da ba ta wuce santimita ɗaya ba sosai, wadda ƴaƴanta ke huda fatar ƙafar wanda yake tafiya ba takalmi, su bi jini har su isa hanji, su maƙale suna tsotsar jini. Ita ce ke bar wa yaro fararen idanu da kasala. Ta uku siffarta kamar bulala take, tana zaune a babban hanji, kuma idan ta yi yawa tana kawo zawo mai jini. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ƙiyasta cewa mutum biliyan ɗaya da rabi ne ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan tsutsotsi.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne, waɗannan tsutsotsi ba sa hayayyafa a cikin yaro. Ƙwai yana fita tare da bayan gida, sai ya yi kamar mako uku a ƙasa kafin ya nuna ya iya kama wani, saboda haka kowace tsutsa da ke cikin yaro daga waje ta shigo, ta hannu mai datti ko ganyen da ba a wanke ba ko tafin ƙafa. Ƙwayar albendazole, wato maganin tsutsar da ake rabawa, tana kashe da yawa daga cikin waɗanda ta tarar a hanji ranar da aka sha ta, amma ba ta da iko a kan ƙwan da ke bayan katangar lakwal, kuma ƙwan macijin ciki kan yi shekaru a ƙasa mai laima bai mutu ba. Wani nazari da aka buga a 2012, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya nuna cewa wata goma sha biyu bayan shan magani, yawan masu macijin ciki yakan koma kashi 94 cikin 100 na yadda yake tun farko, na tsutsa mai ƙugiya kuwa kashi 57. Wannan ba ya nufin maganin banza ne. Yaron da ke ɗauke da tsutsa biyar ba ɗaya yake da mai ɗauke da ɗari ba, kuma manufar rabon ita ce a hana su taruwa har su kai yawan da ke cinye jini da hana girma, sannan a rage ƙwan da ke zuba a ƙasa kowace shekara.

A wajenmu akwai wani abu kuma. Zafin rana da bushewar ƙasar Adar suna kashe ƙwai da yawa, shi ya sa tsutsar ciki ba ta kai yadda take a ƙasashen gabar teku masu ruwan sama ba. Wadda ta fi damun garuruwan da ke kusa da ruwa ita ce tsargiya, wato fitsarin jini, wadda ake ɗauka a tabki da madatsar ruwa da magudanan noman rani, irin tabkin Tabalak da filayen ban ruwa na Ƙonni da Galmi. Ƙwanta yana fita a fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga katantanwa, daga nan ƴaƴan su fito su huda fatar yaron da ya shiga wanka ko shayar da dabbobi. Maganinta daban ne, praziquantel, kuma sau da yawa tare ake kawo shi da albendazole. Tun a 2001 babban taron OMS ya yanke shawarar a riƙa ba aƙalla kashi 75 cikin 100 na yaran da suka isa lakwal magani a kai a kai, kuma Nijar ta fara babban shirinta na yaƙi da tsargiya da tsutsar ciki a 2004. Magungunan kyauta ne, kamfanin GSK ne ke bayar da albendazole, kamfanin Merck na Jamus kuma praziquantel, don haka ba a karɓar ko dala daga hannun uba, kuma ya kamata a faɗi haka a bainar jama'a.

Shiri yana farawa aƙalla mako biyu kafin ranar. Hukumar lafiya ta gunduma ce ke sa makon kamfe, wato makon rabon magani, amma a cikin makon darekta yana da damar zaɓen yini, kuma a nan ne sanin gari ke aiki. Kada a sa ranar kasuwa, domin rabin manyan ƴan mata za su tafi talla. Kada a sa Juma'a. Idan kamfen ya faɗo farkon buɗe lakwal a watan Oktoba, lokacin da ake yankan hatsi da tsinkar wake, to a sani cewa yara da yawa suna gona, sai a shirya rana ta biyu tun da wuri. Idan kuma ya faɗo cikin azumi, a yi magana da majo a ɗaga shi ko a sake tsari, saboda manyan yaran CM1 da CM2, azuzuwan ƙarshe na firamare, da yawa suna azumi, kuma praziquantel ba a shan sa da ciki wayam.

Bayan an tsayar da rana, sai a je wurin mai gari da liman, a zauna da su a yi musu bayani kamar yadda za a yi wa uba, a kuma roƙi liman ya sanar bayan sallah, mai shela ya zaga da yamma. Ban ga amfanin aika wa iyaye takarda da Faransanci ba. Matan AME su ne suka fi kowa isar da saƙo cikin gidaje, kuma saƙon gajere ne: rana kaza za a ba da maganin tsutsa da na tsargiya, kyauta ne, kowane yaro ya karya kumallo sosai kafin ya fito, kuma yaron da ba ya lakwal shi ma a kawo shi. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi. Almajiran makarantun allo, da yaran da ke kiwo, da ƴan matan da aka cire daga lakwal, duk ƙasa ɗaya suke takawa da ɗalibanmu, tabki ɗaya suke shiga, kuma idan aka bar su, ƙwan da suke zubarwa zai dawo cikin waɗanda aka ba magani. Malaman allo sukan ba da haɗin kai idan darekta ya taka da ƙafarsa ya gaishe su, ba aike ya yi ba.

Batun abinci zan ɗan tsaya a kansa, domin na ga abin da sakaci da shi ya jawo. A wata lakwal da na koyar, wata shekara an kawo maganin a makare, aka ce a gama a mayar da rahoto a ranar, sai muka fara rabo da ƙarfe takwas ba tare da tambayar ko yara sun ci wani abu ba. Kafin ƙarfe goma wasu suna amai, wasu sun kwanta a tabarma suna cewa jiri yake ɗibar su. Wata dattijuwa ta shigo da mayafinta a hannu, ta tsaya a bakin aji ta ce, "Mushe, me kuka ba jikana?" Na ce, "Inna, maganin tsargiya ne, yunwa ce ta sa ya juya shi, zuwa azahar zai warware." Ya warware kuwa, amma kafin la'asar gari ya ɗauka cewa maganin hana haihuwa ne aka ba yara, kuma shekarar da ta biyo baya, ranar rabo azuzuwa kusan babu kowa. Sai da muka yi shekara biyu muna bin gida gida kafin a sake yarda da mu. Tun daga lokacin ban ƙara ba yaro praziquantel ba sai na tambaye shi abin da ya ci. Inda akwai kantin lakwal, wato wurin ciyar da ɗalibai, a ba da maganin bayan an ci abinci. Inda babu, COGES ta tara gero a dama kunu ko koko mai kauri, ko a sayi ƙosai. Tiya biyu ko uku na gero sun fi arha a kan shekara biyu ta rashin yarda.

Sauran kayan aiki ba su da yawa: ruwan sha mai tsabta a bokiti mai murfi, kofuna, sabulu da buta, cokali don ɗebo ƙwaya daga gwangwani, littafin rajista, da sandar awon tsawo. A duba ranar lalacewar magani a jikin kowane gwangwani tun ranar da aka karɓo, a kuma ajiye shi inda rana ba ta bugu, ba a ƙarƙashin kwanon rufi ba.

Ranar rabo, a bi aji aji, kowane malami da ajinsa, domin shi ya san fuskokin yaransa kuma shi zai gane wanda ba ya nan. Albendazole ba shi da wahala: ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 ga kowane yaro ɗan lakwal, babba ko ƙarami, kuma ana tauna ta ne. Idan mebendazole aka kawo, ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 500. Praziquantel kuwa da nauyin jiki ake auna shi, miligiram 40 ga kowane kilo, amma tunda ba kowace lakwal ke da sikeli ba, OMS ta fito da sandar awo wadda ke mayar da tsawo zuwa adadin ƙwaya mai miligiram 600. Yaron da tsawonsa ya kama daga santimita 94 zuwa 109 ƙwaya ɗaya zai sha. Daga 110 zuwa 124 ɗaya da rabi. Daga 125 zuwa 137 biyu. Daga 138 zuwa 149 biyu da rabi. Daga 150 zuwa 159 uku. Daga 160 zuwa 177 huɗu. Daga 178 zuwa sama biyar. Wanda bai kai santimita 94 ba, ba a ba shi a lakwal, sai a tura shi CSI. A jingina sandar a bango a kan daɓe mai daidai, yaro ya cire takalmi, ya tsaya dugadugansa na taɓa bango, a ɗora rula a kansa a karanta. Yarinyar da ta yi kitso mai tudu ko ta ɗaura kallabi mai tsini, a danna rular har ta taɓa kai, in ba haka ba za a ƙara mata rabin ƙwayar da ba tata ba.

Kowane yaro a gaban malami zai haɗiye. Praziquantel babba ne kuma yana da ɗaci ƙwarai, yara kuwa sun iya dabara: wani zai ɓoye a kunci ya tofar a bayan aji, wata ta ƙulle a bakin zane ta ce za ta sha a gida. A ce ya buɗe baki ya ɗaga harshe, cikin raha ba da tsawa ba. Ba a ba kowa ya kai wa ƙanensa gida. Haka kuma ba a danne yaro, ba a toshe masa hanci, ba a ɗura wa mai kuka, domin ƙwaya na iya sarƙe shi ta bi hanyar numfashi. Yaron da ya ƙi, a bar shi ya huce ya ga ƴan uwansa sun sha, a sake gwadawa daga baya. Ƴan CI, wato aji na farko, da ƙwayar ta yi wa girma, a karya musu ita biyu.

Akwai waɗanda ba a ba su a ranar. Yaron da ke zazzaɓi ko amai ko zawo mai tsanani, a rubuta sunansa a jinkirta har ya warke. Wanda aka san yana da farfaɗiya, kada malami ya ba shi praziquantel, a bar wa ma'aikacin lafiya ya yanke. Haka wanda ya taɓa samun kumburi ko ƙuraje masu tsanani bayan shan maganin a baya. Mace mai ciki a wata uku na farko ba a ba ta albendazole, kuma inda ake da manyan ƴan mata da aka riga aka aurar, malama mace ce ya kamata ta yi wannan tambaya a keɓe.

Bayan an sha, kada a sallami yara nan take. Su zauna a lakwal kamar awa biyu, a inuwa, malamai na lura da su. Ciwon ciki kaɗan, tashin zuciya, ciwon kai ko jiri abu ne da aka saba gani, ya fi yawa ga yaran da ke da tsutsa da yawa, kuma yakan wuce cikin sa'o'i idan yaro ya kwanta ya sha ruwa. Amma idan fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko amai ya ƙi tsayawa, to wannan na CSI ne ba tare da jira ba, shi ya sa lambar wayar majo da mai babur ɗaya su kasance a hannu tun da safe. A kuma gaya wa iyaye tun kafin su gani cewa wani yaron zai fitar da tsutsa a bayan gida washegari, kuma hakan alamar aikin magani ne.

Littafin rajista shi ne abin da ke mayar da rabon yini guda ya zama aikin shekaru. A rubuta sunan kowane yaro, ajinsa, shekarunsa, tsawonsa, adadin ƙwayar da ya sha, da dalilin rashin sha ga wanda bai sha ba, a kuma ware shafi na yaran da ba ƴan lakwal ba. Cikin mako guda a bi waɗanda suka ɓace. Abin da ake nema shi ne kada a gaza kashi 75 cikin 100 na dukan yaran gari masu shekarun lakwal, ba na waɗanda suka zo ranar kawai ba. Na san akwai jarabar cika takarda a rubuta kowa ya sha don kada sufeto ya yi faɗa, amma wannan ƙarya gari take cuta, domin da waɗannan alƙaluma ne ake lissafin maganin baɗi, da su ne kuma ake yanke ko shirin yana aiki. Idan aka ajiye littattafan shekara uku aka kwatanta, za a ga cewa sau da yawa gidaje ɗaya ne yaransu ke ɓacewa kowane karo, ko ƴan wata unguwa ta bakin tabki, ko yaran makiyaya da ke tafiya arewa da damina. Waɗannan su ne ya kamata a fi bi, saboda yaron da bai taɓa sha ba shekara da shekaru shi ne ya fi tara tsutsa.

Sau nawa za a yi a shekara ba darekta ke yankewa ba, amma yana da kyau ya san ƙa'idar. Inda bincike ya nuna kashi 20 cikin 100 na yara ko fiye suna da tsutsar ciki, sau ɗaya ake yi a shekara; inda ya kai kashi 50, sau biyu. Bayan shekara biyar ko shida ana rabo mai kyau, ana sake awo: ma'aikatan lafiya su zaɓi wasu lakwal, su karɓi bayan gida da fitsarin yara, su shafa ɗan bayan gidan a gilashi ta hanyar da ake kira Kato-Katz, su tace fitsarin, su ƙirga ƙwai a madubin likita. Idan yawan ya sauka sosai ana iya rage rabon zuwa sau ɗaya a shekara biyu, idan ya yi ƙasa da kashi 2 a dakatar ana sa ido, idan kuwa bai motsa ba sai a binciki dalili. Wani lokaci dalilin tsutsa mai kama da bulala ce, wadda ƙwaya ɗaya ta albendazole ba ta warkar da fiye da kamar mutum ɗaya cikin uku masu ita. Idan aka zaɓi lakwal ɗinku don wannan awo, a yi wa iyaye bayani tun da wuri, domin karɓar bayan gidan yaro a roba abu ne da ke saurin tayar da zargi.

Kada kuma a yi wa iyaye alƙawarin da magani ba zai cika ba. Binciken da Edward Miguel da Michael Kremer suka yi a makarantu 75 na yankin Busia a Kenya, wanda aka fara a 1998, ya nuna cewa rabon magani ya rage fashin makaranta da kashi ɗaya cikin huɗu, amma wurin yana da tsutsa da yawa ƙwarai. Masu nazari na ƙungiyar Cochrane da suka tattara bincike masu yawa sun ce idan aka ba dukan yara ba tare da awo ba, ba a ganin babban canji a matsakaicin nauyi ko jini ko ƙoƙarin karatu. A ganina maganganun biyu ba sa karo: yaron da ba shi da tsutsa ba abin da ƙwayar za ta ƙara masa, mai ɗauke da ita da yawa shi ne ke amfana, kuma bai wa kowa magani ya fi auna kowa sauƙi da arha. Don haka abin da za a ce wa uba shi ne maganin yana fitar da tsutsa yana tsayar da fitsarin jini, ba a ce zai sa ɗansa ya zo na ɗaya ba.

Tsakanin rabo da rabo, aikin yana komawa kan ƙasa da ruwa. Lakwal da ke da salga amma an kulle ta da kwaɗo, makulli na aljihun wani, daidai take da wadda ba ta da ita. A buɗe ta, a ware ta ƴan mata daban, a sa buta da sabulu ko toka a bakin ƙofa, a raba wa azuzuwa kwanakin wanki. A riƙa duba farce da takalmi ranar Litinin, ko silifa ce tana rage kamuwa da tsutsa mai ƙugiya. Hana yaron Tabalak shiga ruwa a watan Afrilu magana ce da ba za ta yiwu ba, amma ana iya koya masa kada ya yi fitsari ko bayan gida a cikinsa ko a bakinsa, ya kuma faɗa wa malami ranar da ya ga jini, ba tare da jiran kamfe ba, domin CSI na ba da magani a kowane lokaci. Har yanzu akwai garuruwan da ake ɗaukar jan fitsari alamar balagar ɗa namiji, kuma wannan sai an yi ta maimaitawa a taron iyaye kafin ya fita daga zukata.

Ragowar ƙwayoyi a ƙirga su a gaban shugaban COGES, a rubuta, a mayar CSI tare da rahoto, kada ko ɗaya ta kwana a ofis har ta ɓulla a teburin mai sayar da magani a kasuwa. Littafin kuwa a yi shi kwafi biyu, ɗaya a ofishin darekta, ɗaya a hannun COGES, saboda malamai ana yawan yi musu canjin wurin aiki, kuma sabon darekta da ya iso a watan Oktoba yana bukatar ya buɗe ya ga shekarun da aka yi rabo, da wadda aka tsallake, da sunayen gidajen da sai an je an zauna da mai gidan kafin ya bar yaransa su sha.